Ruwan da ke ƙasan Borno da Sakkwato ba na daminar bara ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da nake ganin jaridunmu suna wucewa ta kansa da sauri. Duk lokacin da gwamna ko ɗan majalisa ya ƙaddamar da rijiyoyin burtsatse, abin da ake buga mana shi ne yawansu, da kuɗin da aka kashe, da hoton mai girma yana murɗa kan famfo. Ba a faɗa mana zurfin da aka kai, ba a faɗa mana daga wace shimfiɗar ƙasa ruwan yake fitowa, balle a tambayi tun yaushe ruwan yake kwance a wurin. Alhali kuwa amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ke nuna ko rijiyar za ta kai ga jikoki, ko kuma za ta ƙafe tun fentin allon da aka kafa a gefenta bai koɗe ba.

Da farko, ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ce a ƙarƙashi. Kano da Zariya da Kaduna da Gusau, haka nan Damagaram a Nijar, suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ba ya samun wurin zama sai a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen. Shi ya sa a unguwa ɗaya wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Ruwan irin waɗannan wurare ɗan kaɗan ne, kuma galibi na damunun baya-bayan nan ne. Amma idan mutum ya nausa gabas, daga wajejen Ringim zuwa Haɗeja da Gashuwa da Maiduguri, ko ya yi yamma zuwa Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, labari ya sauya. A can ƙasa ta lotsa tun zamani mai nisa ta zama ƙaton kwari, koguna da tafkuna da teku suka yi ta zuba yashi da tsakuwa da laka a ciki, shimfiɗa a kan shimfiɗa, har kaurin abin ya kai kilomitoci a wasu wurare. Na gabas shi ne kwarin Chadi, na yamma kuma shi ne kwarin Iullemmeden, wanda Najeriya da Nijar da Mali suka yi tarayya a cikinsa, kuma ɓangaren Sakkwato gefensa ne kawai na kudu maso gabas.

Na ambaci teku, kuma na san wani zai yi murmushi. To, shaidar tana nan a fili. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi tun shekarun 1960, a ƙasan teku ya taru kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwan gishiri a cikinsa. A duwatsun da ke wajejen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da ta rayu tun kafin wannan lokaci, har masana suka sa mata suna Goronyosaurus. Wani hannun teku ne ya ratsa inda Sahara take a yau, ya zauna, ya janye, ya bar laka da farin dutse da ruwan gishiri a binne. Duk mai haƙa rijiya mai zurfi a wannan yanki, ta cikin wannan tarihi yake ratsawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙar burtsatse ya ga abin da idonsa. Duk sandar haƙa ɗaya da ta nutse, yaron injin yakan tari abin da ruwan laka ya turo sama, ya zuba ɗan tuli a ƙasa kusa da na baya, har a yi dogon layi. Ka bi layin da kallo, ga jan yashi, ga farin yashi mai laushi, sai tuli bayan tuli na laka mai launin toka da ke manne wa yatsa, can kuma sai yashi mai gautsi da 'yar tsakuwa ya bayyana, fuskar mai haƙa ta washe. Wannan layi shi ne bayanin ƙasar wurin daga sama zuwa ƙasa. Abin takaici, sau da yawa kafin a naɗe kayan aiki awaki da yara sun tattake shi, kuma ba wanda ya rubuta abin da aka gani.

Bambancin yashi da laka shi ne ginshiƙin maganar duka. Tun a 1856 wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy, yana aikin ruwan sha na birnin Dijon, ya cika bututu da yashi ya tura ruwa ta ciki, ya gano cewa gudun ruwa a cikin ƙasa ya dogara ne ga abu biyu: yadda ƙasar take barin ruwa ya ratsa ta, da bambancin matsi tsakanin inda ruwan ya fito da inda ya nufa. Yashi da tsakuwa suna ba ruwa hanya. Laka kuwa, duk da cewa tana riƙe da ruwa mai yawa a jikinta, ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, ta yadda abin da zai ratsa yashi a yini ɗaya yana iya ɗaukar shekaru aru-aru kafin ya ratsa laka mai kauri ɗaya da shi. Ko a cikin yashin ma, a can ƙasa inda gangaren bai taka kara ya karya ba, tafiyar ruwa ba ta wuce 'yan mitoci a shekara. Saboda haka maganar da ake yawan yi cewa akwai kogi da ke gudana a ƙarƙashin gari ba daidai ba ce a irin wannan ƙasa. Ruwa ne da ke tsattsafawa tsakanin ƙwayoyin yashi, a hankali ƙwarai.

Sai batun matsi. Kowa ya san dalilin da ya sa ake ɗora tankin ruwa a kan dogon ƙarfe a gida: gwargwadon tsayin tankin, gwargwadon ƙarfin ruwan da ke fitowa a famfo. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana danna abin da ke ƙasanta da nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. To, shimfiɗar yashi da ta leƙo fili a kan tudu, inda ruwan sama yake shiga cikinta, sannan ta karkata ta nutse ƙarƙashin laka mai kauri, haka take aiki. Lakar ta rufe ta daga sama, ruwan ba shi da mafita, yana ɗauke da matsin tudun da ya fito. Idan aka huda lakar a wuri mai kwari, sai ruwan ya hau bututu da kansa, wani lokaci har ya zubo waje ba tare da injin ko guga ba. Haka lamarin yake a shimfiɗar yashin Gwandu, wadda ta karkata zuwa arewa maso yamma ta nufi cikin Nijar, inda rijiyoyin da aka haƙa a fadamun wajejen Argungu da Birnin Kebbi suka riƙa ɓulɓulo da ruwa da kansu.

Akwai kuma matsin da ba daga tudu yake zuwa ba, daga nauyin ƙasar ne kanta. Sabuwar laka da ta kwanta a ƙasan tafki ko teku fiye da rabinta ruwa ne. Yayin da ake ta tara mata kaya a kai cikin dubban shekaru da miliyoyi, tana matsewa tana fitar da ruwan. Idan tarin ya yi sauri fiye da yadda ruwan zai iya tserewa, sai ruwan ya maƙale, ya koma shi ke ɗauke da wani kaso na nauyin ƙasar da ke bisansa, wadda ta ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu. Irin wannan matsi yana iya zama a kulle shekaru miliyoyi. Masu haƙar mai a yankin Neja Delta sun san shi sarai a cikin lakar da ake kira Akata, domin shi ne ke sa rijiya ta yi aman wuta idan aka yi sakaci. Dalili ke nan da ya sa suke haɗa lakar haƙa da garin wani dutse mai nauyi da ake kira barayit, irin wanda ake tonowa a Azara ta jihar Nasarawa, don nauyin lakar ya danne abin da ke ƙoƙarin tasowa. Na kawo wannan ne saboda yanzu neman mai ya iso gare mu, daga Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aiki a Nuwamban 2022, zuwa Agadem a Nijar, kuma duk rijiyar mai sai ta ratsa shimfiɗun ruwan shanmu kafin ta kai inda ta nufa. Idan ba a liƙe tsakanin bututu da ƙasa da siminti yadda ya kamata ba, an buɗe hanya ke nan tsakanin ruwan gishiri mai matsi da ke can ƙasa da ruwan daɗi da ke sama.

Bari in dawo Borno, domin a nan ne abin ya fi damuna. Masu binciken ƙasa na Najeriya, da na Amurka da suka yi aiki tare da su a shekarun 1960, sun rarrabe shimfiɗun ruwa uku a wannan ɓangare na kwarin Chadi. Ta sama ita ce wadda rijiyoyin gargajiya da ƙananan burtsatse suke sha, daga kusa da doron ƙasa zuwa kimanin mita 100. Ƙarƙashinta akwai laka mai kaurin gaske, sannan shimfiɗa ta tsakiya, wadda a wajejen Maiduguri ake samunta tsakanin mita 250 zuwa 400. Ta ƙasa kuwa sai an wuce mita 500. Lokacin da aka fara huda ta tsakiyar a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960, ruwa ya riƙa tasowa mitoci da yawa sama da doron ƙasa a filayen da ke gangarawa zuwa tafkin Chadi. Ga makiyayi da ya saba jan wasaki daga rijiya mai gaba da yawa, wannan ni'ima ce da ba ta misaltuwa, kuma garuruwa sun kafu saboda ita. Sai dai rijiyoyi da dama an bar su a buɗe. Mutum yakan tarar da bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye bakinsa, ruwa mai ɗumi yana kwarara dare da rana, gefe ya zama kududdufi da ciyawa da sawun shanu, abin da mutane da dabbobi suka sha bai kai abin da rana ta ƙone ba. Ɗumin ruwan kansa alama ce ta nisan inda ya fito, domin ƙasa tana ƙara zafi gwargwadon zurfi. A yau da yawa daga cikin waɗannan rijiyoyi sun rage ƙarfi, wasu sun daina zubowa sam, sai an zura musu injin.

Tambayar da ta kamata a yi tun farko ita ce, wane ne ke mayar da abin da ake ɗiba? Gwajin sinadarin kabon da aka yi wa ruwan shimfiɗun nan masu zurfi ya nuna cewa ya shiga ƙasa ne kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, a lokacin da yankin ya fi yanzu sanyi da digiri 5 ko fiye, kuma an sami makamancin wannan tsufa a ruwan yashin Gwandu. Domin mai karatu ya kwatanta, kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a jihar Yobe ta yanzu, shekarunsa kimanin 8,000 ne. A wajejen zamanin wannan kwalekwale tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, kuma tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama gaɓarsa ce ta wancan lokaci, kimanin mita 40 sama da fuskar tafkin na yau. Duk da haka, ruwan da ke cikin shimfiɗa ta tsakiya ya riga wannan ƙaton tafki kwanciya a wurinsa. Yanayin da ya cika shimfiɗar ya wuce, kuma matsin da muka tarar a cikinta saura ne na wancan zamani, wanda lakar da ta rufe shi ta hana shi saurin sacewa.

A nan ne nake ganin ana yawan ruɗewa. Bayan ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, na ji mutane suna cewa aƙalla ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Shimfiɗa ta sama tana iya amfana da irin wannan, domin ita tana amsa abin da ke faruwa a doron ƙasa cikin shekaru kaɗan. A kewayen Yamai, alal misali, an auna cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980, saboda sare daji ya sa ruwan sama yana gangarawa ya taru a tabkuna ya nutse. A fadamun Haɗeja da Nguru kuma akasin haka aka gani, inda madatsun Tiga da Challawa suka rage malalar da ke shayar da ƙasa. Shi kansa tafkin Chadi yana tsiyaya zuwa cikin shimfiɗa ta sama, yana tafiya da gishiri, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa tafkin da ba shi da mafita ya zauna da ruwan daɗi. Amma duk wannan hada-hada a sama take ƙarewa. Tsakaninta da shimfiɗa ta tsakiya akwai lakar nan mai kauri, kuma ambaliyar mako biyu ba ta ratsa ta.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ko da yake ruwan yana tafiya a hankali, raguwar matsi tana yaɗuwa da sauri. A rufaffiyar shimfiɗa, abin da rijiya ke fitarwa yana zuwa ne daga ɗan saki da ruwan yake yi da kuma ɗan matsewar da yashi da lakar da ke kewaye suke yi, don haka ɗiban da ba shi da yawa yana iya sauke matsi a fili mai faɗin kilomitoci. Rijiyar da aka bari a buɗe a wani ƙauye tana rage ƙarfin ta ƙauyen da ke gaba, kuma shimfiɗar ba ta san iyakar Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru ba. Idan kuma laka ta matse saboda an janye matsin da ke tallafe da ita, ba ta komawa yadda take. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka, ƙasa ta nutse da kusan mita 9 a wani wuri tsakanin 1925 da 1977 saboda yawan zuƙar ruwan ƙasa. Sannan inda matsin ruwan daɗi ya sauka, ruwa mai gishiri da ke maƙwabtaka da shi yakan samu damar matsowa.

Ba ina cewa kada a taɓa wannan ruwa ba ne. Garin da ke fama da ƙishirwa, ko sansanin 'yan gudun hijira, ba za a ce masa ya jira damina ba alhali ruwa mai tsabta yana ƙarƙashin ƙafarsa. Magana ita ce a san irin dukiyar da ake ci, a kuma zaɓi abin da za a kashe ta a kai. Saudiyya ta yi shekaru tana noman alkama a hamada da tsohon ruwan ƙasa har ta riƙa sayarwa waje, amma a 2008 ta yanke shawarar janyewa daga shirin, ta kuma kammala janyewar a 2016. Libiya, a wani aiki da ta fara ginawa a 1984, tana jan tsohon ruwan ƙasa na shimfiɗar yashin Nubiya, wanda ta yi tarayya da Masar da Sudan da Chadi a kansa, ta manyan bututu zuwa biranen bakin teku, tana sane da cewa ba ya dawowa. Misalin da ya fi kama da namu kuwa shi ne na Ostiraliya, inda tun ƙarshen ƙarni na 19 aka haƙa dubban rijiyoyi masu zubowa da kansu, aka bar ruwan yana bin lambatu don tumaki da shanu, mafi yawansa yana ƙonewa a hanya, har matsi ya faɗi, maɓuɓɓugai suka ƙafe. Daga 1999 gwamnati da masu kiwo suka haɗa kuɗi suna gyara rijiyoyin, suna sa musu marufi, suna maye lambatun da bututu da kwamin shayarwa, kuma a wurare da dama matsin ya fara farfaɗowa. Aikin ba ya buƙatar wata fasaha da ta fi ƙarfin maƙeranmu da masu haɗa famfo.

A ganina, wannan ne ya kamata ya zama aikin farko na hukumomin ruwa na jihohin Borno da Yobe da Sakkwato da Kebbi, tare da hukumomin raya kwarin Chadi da na Sakkwato-Rima, waɗanda aka kafa tun 1973: a ƙirga rijiyoyin da ke zuba a banza, a sa wa kowace kan famfo mai rufewa da kwamin dabbobi, a cike waɗanda bututunsu ya ruɓe da siminti, domin irinsu suna yoyo a ɓoye daga wata shimfiɗa zuwa wata. A ware wasu rijiyoyi da ba a ɗiba a cikinsu, a riƙa auna matsinsu kowane wata ana bayyana sakamakon ga jama'a, kuma Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa a 1964, ta riƙa haɗa alƙaluman ƙasashen wuri ɗaya. Kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya miƙa rubutaccen bayanin shimfiɗun da ya ratsa, mita bayan mita. Yanzu da famfo mai aiki da hasken rana ya yi araha, har ba a jin ciwon kuɗin man da a da yake tilasta wa mutum kashe injin, ya dace noman rani ya tsaya ga fadama da shimfiɗa ta sama wadda damina ke mayar mata, a bar mai zurfin don sha.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, roƙona gare ku ƙarami ne. Idan aka gayyaci wakilinku bikin buɗe burtsatse, ya tambayi injiniyan aikin zurfin rijiyar, da shimfiɗar da take sha, da matakin da ruwa ya tsaya a ranar da aka gama haƙa, ya sa amsar a cikin rahoto. Bayan shekara biyar sai a koma a sake aunawa, a buga alƙaluman biyu gefe da gefe.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Maiduguri